Yadda Turkawa masu cutar kansa ke rayuwa: tambayoyi da amsoshi

Karatu ne ya fara kai ni Turkiyya, daga baya na riƙa yi wa mutanenmu masu zuwa neman magani tafinta a asibitoci. Zaman jiran layi a sashen masu cutar kansa ya haɗa ni da Turkawa da yawa, tsofaffi da yara, 'yan birni da mutanen ƙauye. Tun da na dawo gida ake yi mini tambayoyi a kansu. Wasu masu tambayar suna shirin kai nasu ne, wasu kuma ma'aikatan lafiya ne da ke son jin yadda ake yi a can. Ga waɗanda aka fi maimaita mini.

Me ake nufi da ingancin rayuwa ga mai kansa? Abu ne da ake iya aunawa?

Likita girman ƙari yake dubawa a hoto, da sakamakon gwajin jini. Mara lafiya kuwa lissafinsa daban ne. Ya samu barci jiya? Abinci ya zauna a cikinsa? Zai iya hawa benen gidansu, ya yi alwala da kansa, ya sunkuya ya ɗauki jikarsa? Wannan lissafi na biyu shi ake kira ingancin rayuwa, Turkawa su ce yaşam kalitesi.

Ana auna shi da takardar tambayoyi. Wadda aka fi amfani da ita a asibitocin jami'o'in Turkiyya ita ce QLQ-C30, mai tambaya 30, wadda ƙungiyar binciken kansa ta Turai mai suna EORTC ta fitar a 1993, aka kuma mayar da ita Turkanci. Tana tambayar ko mutum na shan wuya wajen ɗaukar jakar cefane mai nauyi, ko yana wuni a kwance, ko yana amai, ko ciwon ya jefa shi matsin kuɗi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da tata gajeriyar takardar mai tambaya 26. Da masanan Turkiyya suka zo fassara ta a ƙarshen shekarun 1990, sai suka ƙara ta 27, wadda ke tambayar mutum irin wahalar da yake sha saboda matsin lamba da sa ido daga makusantansa, wato miji ko mata, dangi da abokan aiki. A ganina wannan tambaya guda ta fi duk sauran faɗin halin da mai kansa ke ciki a ƙasar. Dangi su ne gatansa, ba sa yar da shi ko kaɗan. Amma sau da yawa su ne kuma ke magana a madadinsa yana zaune, ba wanda ya waiwaye shi ya ji ta bakinsa.

Wace irin kansa ce ta fi addabar su?

Ƙasar na da mutum kusan miliyan 85, kuma ƙiyasin cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna ana samun sababbin masu cutar kusan 240,000 a shekara. A maza kansar huhu ce kan gaba, a mata ta mama. Dalilin na maza ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan shayin Turkawa ya san yadda taba ke tashi. Tun 19 ga Yuli 2009 aka hana shan ta a cikin gidajen shayi da na abinci, amma masu cika asibiti yau su ne waɗanda suka fara zuƙa shekara talatin ko arba'in da suka wuce.

Akwai kuma ciwon da ƙasa kanta ke haifarwa. A yankin Kapadokiya akwai ƙauyuka uku, Karain da Tuzköy da Sarıhıdır, inda duwatsun da ake gina gidaje da su ke ɗauke da wani ma'adini mai siraran zare da ake kira eriyonait. Ƙurarsa na jawo kansar fatar da ta lulluɓe huhu. Likita İzzettin Barış na Jami'ar Hacettepe ne ya bankaɗo lamarin a shekarun 1970, aka gano kusan rabin mace-macen waɗannan ƙauyuka daga wannan ciwo ne. A wasu ƙauyukan Anatoliya, wato ɓangaren ƙasar da ke Asiya, kuma farar ƙasar da ake shafe bango da ita ce ke ɗauke da asbestos, wani ma'adinin mai irin wannan illa. Can gabas, wajen Van, kansar maƙoshi da ta tumbi sun fi yawa.

Da gaske ne maganin kansa kyauta ne a Turkiyya?

Ga ɗan ƙasa, kusan haka ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun 2003 gwamnati ta fara yi wa harkar lafiya garambawul. Aka haɗe tsofaffin asusun inshora ƙarƙashin hukuma guda mai suna SGK, inshorar lafiya ta bai ɗaya ta fara aiki a 2008, ta zama dole ga kowa a 2012. Wanda samunsa bai kai wani mizani ba, gwamnati ke biya masa. A asibitin gwamnati ko na jami'a mai kansa ba ya biyan kuɗin ƙarin ruwan magani, wato kemo, ko na gashi da na'ura. Hatta asibiti mai zaman kansa da ke da yarjejeniya da SGK doka ta hana shi karɓar ƙarin kuɗi a kan waɗannan. In likitoci sun rubuta wa mutum rahoton ciwonsa, ɗan kason da ake biya a kantin magani ma an ɗauke masa.

Ni da na fito daga inda ake sayar da gona da shanu don a biya allura uku, kuma a tsaya a ta huɗu, na san darajar wannan. Baturke ba ya barin magani a tsakiya don aljihu ya ƙare, aƙalla a magungunan da aka saba da su.

Inda gizo ke saƙar shi ne sababbin magunguna masu tsada, waɗanda suke kira akıllı ilaç, wato magani mai wayo, musamman masu zaburar da garkuwar jiki irin su Keytruda da Opdivo. SGK na da jerin magungunan da take biya, da irin kansar da take biya wa kowanne. In likitanka ya rubuta maganin da ba ya cikin jerin, sai dai ka saya ko ka kai hukumar kotu. Mutane da yawa sun bi ta kotun, alƙalai kuma kan ba da umarnin wucin gadi a biya kafin a yanke hukunci. Ana ƙara magunguna a jerin lokaci zuwa lokaci, amma ka yi tunanin mutumin da ƙafarsa ba ta ɗaukarsa, ga shi yana neman lauya.

Sai ƙarancin magani. Gwamnati na ƙayyade farashin magungunan waje da wani canjin Yuro nata wanda ke ƙasa da na kasuwa, saboda haka duk lokacin da kuɗin ƙasar, lira, ya faɗi, sai wasu magunguna su ɓace daga kantuna. A watan Afrilun 2013 wata ɗalibar jami'a mai kansar kaluluwa, Dilek Özçelik, ta tare ministan muhalli na lokacin, Erdoğan Bayraktar, a garin Edirne, ta kai masa kukan rashin samun maganinta. Sai ya cusa mata kuɗi a aljihu. Ta jira ya fito daga masallaci ta mayar masa, ta ce ita ba mabaraciya ba ce. Ƙasar gaba ɗaya ta ɗauki maganar. Ta rasu a Janairun 2018, amma har yau in ana zancen mutuncin mara lafiya a Turkiyya sai an ambace ta.

Ana gaya wa mara lafiya cewa kansa ce ke damunsa?

Wannan ce tambayar da ta fi taɓa ni. Turkawa da yawa, musamman dattawa, ba sa son furta sunan ciwon. Sai su ce kötü hastalık, mugun ciwo. A sanarwar rasuwa kuma a rubuta amansız hastalık, ciwo mara tausayi. Abin da suke tsoro shi ne karyewar zuciya. Kalmar moral, wato ƙwarin zuciya, ba ta barin bakinsu, kowa na cewa kada a rusa masa moral, don sun yi imani in zuciya ta karye jiki zai bi ta. Dokar haƙƙin majinyata ta 1998 ma ta bar wa likita ƙofar ɓoye sunan ciwo in yana ganin faɗinsa zai ƙara wa mutum rauni.

Likitocin Jami'ar Akdeniz da ke Antalya sun bincika lamarin. A wani nazari da suka buga a 2004 sun tambayi dangin majinyata 150, kashi 66 cikin ɗari suka ce kada a faɗa. A wani kuma na 2002, cikin majinyata 100 sun tarar 44 ba su san abin da ke damunsu ba. Da suka auna ingancin rayuwar waɗanda suka sani da na waɗanda ba su sani ba, ba su ga wani bambanci ba. Ke nan sanin gaskiya bai rusa waɗanda suka san ta ba, kamar yadda dangi ke fargaba.

Na taɓa zama kusa da wani dattijo daga gaɓar Baƙin Teku a ɗakin jira, hannunsa riƙe da carbi, ɗansa ya bi likita zuwa bakin ƙofa. Ina jin ɗan yana rage murya yana cewa, "Hocam, don Allah kada baba ya sani, mun ce masa ruwa ne a huhu." Hocam kamar a ce malamina ne, haka suke kiran likita. Dattijon ya juyo gare ni, da ya ji ina jin Turkanci, ya nuna allon da ke saman ƙofa da carbinsa. Ya ce, "Ɗana, na yi makaranta, na san abin da aka rubuta can. Amma yaran nan sun sha wahalar ɓoye mini, bari in bar su." Sai ya yi shiru, can ya ce abin da ke hana shi barci gonarsa ce ta fındık, wata 'yar itaciya mai 'ya'ya kamar gyaɗa. Yana so ya raba ta tsakanin 'ya'yansa da ransa don kada su yi rigima, amma da ya ɗauko maganar sai su ce Allah ya kiyaye, baba, za ka warke. Kowa na tausayin kowa, shi kuma an bar shi da abin da ke ransa shi kaɗai.

Abin na sauyawa. Matasa na karanta sakamakon gwajinsu a waya ta manhajar e-Nabız kafin ma su ga likita. Neslican Tay, wadda aka yanke wa ƙafa saboda kansa, ta riƙa ba da labarin jinyarta a fili a shafukan sada zumunta har ta rasu a Satumbar 2019 tana da shekara 21, kuma ta sa mutane da yawa sun daina jin kunyar ambaton ciwon. Ni dai ra'ayina shi ne a tambayi mara lafiya tun farko ko yana so a yi masa bayani, da iya inda yake so a kai. Wani zai ce ku yi da ɗana. To, shi ya zaɓa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wa ke zaman jinya?

Kowane gado a asibitin Turkiyya yana da kujera a gefensa, kuma kusan ba ta zama ba kowa. Mai zama a kanta shi ne refakatçi, mai jinya. Asibiti ya san da shi, ana ba shi kati da abinci. Yawanci mace ce, ko matar mara lafiya ko 'yarsa ko matar ɗansa. Ita ke juya shi, ta kai shi banɗaki, ta lura da ƙarin ruwa in ya kusa ƙarewa, ta ruga ta kira ma'aikaciyar jinya.

Na san wata mata da ta kwana a irin wannan kujera sama da wata guda. Kullum da asuba ƙanwarta na kawo miyar adas a filas, don mijin ba ya iya haɗiyar abincin asibiti. Ƙafafunta sun kumbura, ta bar maganin hawan jininta a gida ba ta ko tuna ba. Duk mai shigowa dubiya sai ya ce wa mijin geçmiş olsun, wato Allah ya sa ya wuce. Ban taɓa jin wanda ya ce mata ke fa, ya jikin naki ba. Binciken da ma'aikatan jinya na jami'o'in ƙasar ke yi yana yawan nuna masu zaman jinya na fama da rashin barci da damuwa, wani lokaci kusan daidai da marasa lafiyar.

Dubiya kanta tana da nata nauyin. Turkawa kamar mu suke, rashin zuwa dubiya abin kunya ne. Ɗaki kan cika, a zuba wa kowane baƙo kolonya, wani turaren lemun tsami, a tafin hannu. Ga wanda aka yi wa kemo jiya, ƙamshin nan kaɗai na iya tayar masa da amai, ga kuma hatsarin kamuwa da mura alhali garkuwar jikinsa ta yi ƙasa. Amma wa zai iya korar gwaggonsa?

Yaya batun raɗaɗi? Ana samun maganin kashe zafi?

Turkiyya na cikin manyan ƙasashen da ke noman furen da ake samun mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, daga gare shi bisa doka. Akwai lardin da sunansa ma daga nan ya samo asali, Afyonkarahisar, kuma a garin Bolvadin da ke cikinsa akwai babbar masana'antar sarrafa shi. Duk da haka, shekaru da yawa yawan mofin da ake bai wa marasa lafiya a ƙasar yana ƙasa ƙwarai da na Yammacin Turai. Likitoci na ɗari-ɗari da rubuta shi, saboda sai da takarda ta musamman da ake kira jar takarda, ga sa idon hukuma. Dangi na tsoron kada ya zame wa nasu jaraba, ko kuma su ɗauka fara mofin alama ce ta an sallama. Shi kuma mara lafiya ya yi ta cije haƙori, yana ganin faɗin zafi gazawa ce wajen haƙuri.

A 2010 Ma'aikatar Lafiya ta ƙaddamar da shirin Pallia-Turk, na kulawar sauƙaƙa wahala ga waɗanda ciwonsu ya yi nisa. A shekarar ce kuma aka fara tura ma'aikatan lafiya gida-gida. Tsakanin 2014 da 2015 aka fitar da ƙa'idojin buɗe sassan irin wannan kulawa a asibitoci, yanzu akwai dubban gadaje. An samu ci gaba sosai. Matsalar da ta rage ita ce ana kai mutane can a makare, kwana kaɗan kafin rasuwa, bayan sun sha watanni cikin zafin da ake iya ragewa.

Addini na taimaka musu?

Ƙwarai. Allah şifa versin, Allah ya ba da lafiya, ita ce addu'ar da za ka fi ji. Tsofaffi mata na karatun Yasin a bakin gado, ana kawo ruwan zamzam, ana yanka dabbar bakance in aiki ya yi kyau. Tun 2015 hukumar addini ta ƙasar, Diyanet, ta ƙulla yarjejeniya da Ma'aikatar Lafiya don tura malaman da aka horar su riƙa zama da majinyata a asibitoci. Imani da ƙaddara na sanyaya zuciyar mutane da yawa, na ga haka da idona. Inda yake cutarwa shi ne in an murɗe shi ya zama dalilin ƙin zuwa gwaji, ko in wani mai dubiya ya nuna wa mara lafiya wai zunubinsa ne ya jawo masa. A watan azumi kuma likitoci na fama da masu dagewa sai sun yi, duk da malamai na gaya musu an yi musu rangwame. A sani kuma Turkawa ba duka ɗaya ba ne. Akwai Alawiyyawa, masu tasu fahimtar addinin, akwai waɗanda addini bai dame su ba, kowa da inda yake samun natsuwa.

Suna haɗawa da maganin gargajiya?

Sosai ma, kuma galibi ba tare da sanin likita ba. Wanda ya fi shahara shi ne ısırgan otu, wani ganye mai ƙaiƙayi, ana dafa shi ko a haɗa irinsa da zuma. Sai habbatus sauda da maɗin 'ya'yan itace. Kowace unguwa na da aktar, mai shagon saiwoyi da ganyaye. A 1988 wani likita, Ziya Özel, ya fito a talabijin ya ce ya samo maganin kansa daga wani itacen fure da Turkawa ke kira zakkum, mutane suka yi ta tafasa ganyen a gida, alhali guba ne mai taɓa zuciya. Ba a tabbatar da iƙirarin ba. Tun 2014 akwai dokar da ta tsara ƙaho da makamantansa, ta ce likitan da aka horar ne zai yi. Hatsarin ganyaye shi ne wasunsu na wahalar da hanta ko su ci karo da kemo. Mata da 'ya'ya na dafawa ne don su ji su ma sun yi wani abu, kuma likitan da ya fahimci haka ya tambaya cikin lalama ya fi samun gaskiya a kan mai tsawa.

Mata fa, me ya fi damun su?

Akwai cibiyoyin gwaji kyauta a kowane lardi da ake kira KETEM. Mace mai shekara 40 zuwa 69 ana ɗaukar hoton mamanta duk shekara biyu. Mai shekara 30 zuwa 65 ana yi mata gwajin ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa duk shekara biyar, tsarin da Turkiyya ta fara a 2014, tana cikin ƙasashen farko da suka yi haka a faɗin ƙasa. Har motoci ake turawa ƙauyuka. Amma kunya da tsoro na hana wasu zuwa, musamman in namiji ne zai duba su.

Bayan aiki kuma wata jinyar ke farawa. Matar da aka cire wa mama ko mahaifa na tunanin aurenta, amma zancen shimfiɗa ba abu ne da ake ɗaukowa gaban likita ba, shi ma likitan ba ya tambaya. Zubewar gashi ta fi sauƙin ɓoyewa ga mai ɗaura ɗankwali, sai dai gira da gashin ido ba sa ɓoyuwa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne matar da za ta dawo daga kemo ta ɗora tukunya, saboda duk gidan ba wanda ya saba yi mata hidima. Ita ce mai jinyar kowa, in ta kwanta sai a rasa mai zama a kujerar.

Yara masu kansar jini fa?

Nan ƙungiyoyin sa kai sun yi rawar gani. LÖSEV, wadda likitan yara Üstün Ezer ya jagoranci kafawa a Ankara a 1998, tana da asibitinta da makarantu, tana kuma kai wa iyalai nama da kayan abinci. KAÇUV da ke Santambul, wadda aka kafa a 2000, tana da gidajen da iyayen da suka zo daga nesa ke sauka kyauta yayin jinyar 'ya'yansu. Kowace shekara daga 2 zuwa 8 ga Nuwamba ana makon tunawa da waɗannan yara. Saƙon da suke ta nanatawa shi ne ciwon ba ya yaɗuwa, takunkumin da yaro ke sawa don kare kansa ne. Sai da aka yi ta faɗa saboda akwai iyayen da ke janye 'ya'yansu in sun ga yaro mai takunkumi a filin wasa.

Mutumin ƙauye da na birni ɗaya suke?

A takarda ɗaya suke, a ƙasa kuwa da sauran tafiya. Manyan cibiyoyi sun taru a Santambul da Ankara da Izmir, irin su asibitocin Hacettepe da Abdurrahman Yurtaslan da Çapa da Ege. An gina manyan asibitoci a larduna da dama, amma mutumin Hakkari ko Ağrı, can ƙuryar gabas, har yanzu yakan yi tafiyar sa'o'i kafin ya kai na'urar gashi, kuma gashi kullum ne, kwana biyar a mako, har mako biyar ko shida. SGK na biyan kuɗin mota da ɗan guzuri in da takardar turawa, amma ba ya isar kuɗin haya, balle da tsadar kaya ta haura kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022. Sai mutum ya sauka gidan ɗan uwa, ya kwana a falo, yana jin ya zama kaya. Tsohuwar da Kurdanci kaɗai take ji kuma sai ta bakin jikanta za ta yi magana da likita, ka ga an koma kan matsalar wa ke magana a madadin wa.

Girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta shafi larduna 11 ta kuma kashe sama da mutum 50,000, ta ƙara dagula lamarin. Asibitoci sun rushe a Hatay, masu kemo suka watsu zuwa Adana da Mersin da Ankara. Abin da ya taimaka shi ne bayanansu na cikin kwamfuta, likitan sabon gari na iya ganin inda aka tsaya. Amma jinyar kansa a cikin tanti ko ɗakin kwantena, da makokin 'yan uwa a zuciya, wani abu ne daban.

Wanda ciwo ya hana shi aiki, me zai ci?

Ma'aikaci mai inshora na karɓar wani kaso na albashinsa daga SGK muddin yana da takardar hutun likita. In kwamitin likitoci ya tabbatar ya rasa kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin aikinsa, yana iya yin ritayar rashin lafiya, in ya shekara 10 da rajista an kuma biya masa gudummawar kwana 1,800. Rahoton naƙasa na kashi 40 zuwa sama na ba da rangwamen haraji da hawa motar birni kyauta. Wanda ke shan wuya shi ne mai aikin da ba rajista, irin ɗan ƙwadagon gona da matar da ke aikatau a gidaje. Magani kyauta, amma tukunya ba ta hau wuta ba.

In ajali ya matso, a gida suke so ko a asibiti?

Dattawa da yawa na cewa a mayar da su gida, a ƙauyensu, kusa da maƙabartar iyayensu. 'Ya'ya kuma na tsoron bakin mutane, kada a ce sun gaji da ubansu, sai su ruga da shi asibiti. Dokar ƙasar ba ta ba da damar mutum ya bar wasiyyar kada a yi ƙoƙarin farfaɗo da zuciyarsa in ta tsaya ba, don haka da yawa na cikawa a sashen kulawa ta musamman, jikinsu duk wayoyi, dangi na ganinsu 'yan mintuna a rana. Wanda ba a taɓa gaya masa gaskiyar ciwonsa ba, ta yaya zai faɗi inda yake so ya cika?

In na kai nawa daga Najeriya ko Nijar, zai samu wannan gatan?

A'a. Duk abin da na faɗa game da kyauta na ɗan ƙasa ne da wanda ke cikin inshorar SGK. Baƙo biya yake, galibi da Dala ko Yuro, a asibiti mai zaman kansa. Kayan aiki na da kyau, likitoci ƙwararru ne, amma a shiga da ido buɗe. A tabbatar asibitin da dillalin da ya haɗa ku suna da takardar izinin Ma'aikatar Lafiya ta karɓar majinyata daga waje. A nemi ƙiyasin kuɗin jinyar gaba ɗaya a rubuce, domin kuɗin da ake fara faɗa sau da yawa na gwaji ne da aiki kawai, kemo da gashi na biyo baya, kuma suna iya cin wata shida.

Na ga mutanenmu da kuɗi ya yanke musu a tsakiya. Na ga kuma waɗanda kuɗin ya isa amma kaɗaici ya cinye su, suna ɗakin otal cikin hunturu, ba tuwo ba kunu, ba mai shigowa ya ce sannu da jiki da harshensu. Baturken da ke gadon kusa yana da mutum goma, namu yana da ɗa guda wanda shi ma bai san garin ba. Saboda haka tun ranar farko a tambayi likita wane ɓangare na maganin ne dole sai a can, wane ne za a iya ƙarasawa a Kano ko Zariya ko Abuja ko Yamai. Kafin a taso a karɓi rahoton aiki, da sakamakon gwajin tsokar da aka yanka tare da samfurinta, da hotuna a faifai, da sunayen magunguna da adadinsu, duka cikin Turanci ko Faransanci. Kuma in tafinta ya zo, a zaunar da shi yana fuskantar mara lafiyar, a bar shi ya yi tambayarsa da bakinsa.